Ƙarin ɗaki a gidajenmu na Sudan: me ke mayar da aikin wata biyu na shekara guda?

Duk wanda ya tashi ƙara ɗaki a gidansa, tambayar da yake fara yi wa magini ita ce, "Usta, yaushe za mu shiga?" Amsar da aka saba ji kuwa, daga Mai Wurno har Gadarif da Kasala, ita ce, "Alhaji, in kaya na ƙasa, wata ɗaya da rabi, in sha Allahu." Maginin bai yi ƙarya ba. Abin da ya ƙirga shi ne kwanakin da hannunsa zai taɓa aikin. Mai gida kuma abin da kunnensa ya ji shi ne ranar da zai shimfiɗa tabarma a sabon ɗaki. Tsakanin lissafin nan biyu akwai watanni, wani lokaci har shekara, kuma yawancin saɓanin da ke shiga tsakanin masu gida da magina daga nan yake tasowa.

Maganar ta ƙara nauyi tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023. Mutum fiye da miliyan 10 sun bar muhallinsu, kuma da yawa ba sansani suka nufa ba, gidajen 'yan'uwa suka sauka. Gidan da aka gina don mutum takwas ya wayi gari da ashirin, surukai da 'yan mata da samari duk a tsakar gida ɗaya. Waɗanda kuma suka koma Madani bayan sojoji sun karɓe ta a Janairun 2025, ko Hartum bayan Maris na wannan shekarar, wasunsu sun tarar da ɗakuna babu ƙofa babu taga, an zare wayoyin wuta daga bango. Ƙarin ɗaki a irin wannan hali rufin asiri ne, kuma wanda ya yi kuskuren lissafin lokaci iyalinsa ne za su kwana a waje cikin ruwa.

A fara da aikin hannu zalla. A ɗauka kuɗi na aljihu, kaya na jibge a ƙofar gida, rani ne, babu rasuwa babu biki. Rakuba, wato rumfa ta kara da tabarmi, kwana biyu ya ishe ta, kuma da ita mutane da yawa suka fara tarbar baƙinsu. Gutiyya, wato zagayayyar bukka mai jinkar ciyawa irin ta Gadarif, in ciyawa da itace sun samu aka kuma kira gayya, ba ta wuce mako. Ɗakin jalus, ginin lakar nan da ake ɗorawa sahu-sahu, aikinsa kaɗan ne amma jiransa da yawa, domin ba a ɗora sahu sai na ƙasa ya sha iska ya kama jikinsa. Ɗaki ɗaya yakan ci wata guda ko fiye kafin a kai ga rufi, sannan a zo yaɓen zibala ta waje, wato laka da aka cuɗa da kashin dabbobi. Ɗakin jan bulo mai mita huɗu-huɗu da baranda da rufin kwano, shi ne wanda magini ke nufi da wata ɗaya da rabi: tono da harsashi kamar kwana goma, ɗaga bango mako biyu, rufi kwana uku ko huɗu, filasta da daɓe da sa ƙofa da taga su cinye sauran. In aka ce rufin kankare za a zuba, lissafi ya koma wata uku zuwa huɗu. In kuwa bene za a ɗora a kan tsohon gini, a sa wata shida a rai, a kuma yarda cewa zai iya kaiwa shekara.

Abin da ke tsawaita aikin kankare ba yawan aiki ba ne. Siminti ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, haɗuwa yake yi da ruwa a hankali, kuma da zarar ruwan ya ƙafe haɗuwar ta tsaya. Injiniyoyi suna auna cikar ƙarfin kankare ne a kwana 28. A kwana bakwai yakan kai kusan kashi biyu cikin uku na wannan ƙarfi, in har ana ba shi ruwa safe da yamma. Katako da turakun da ke tallafe da rufi ba a zare su kafin mako biyu zuwa uku, gwargwadon faɗin ɗakin. Kuma ba sau ɗaya ake wannan jira ba: gindin ginshiƙi da nasa, ɗaurin ƙasa da nasa, ginshiƙai da nasu, rufi da nasa. Babu kuɗin da zai gajarta waɗannan kwanaki a irin ginin da muke yi a unguwanni. Inda ake cutuwa shi ne wajen kafinta. Katakon hayarsa yake yi ko kuma shi ne jarinsa, wani aiki na jiransa a wata unguwa, sai ya zo a kwana na goma ya ce, "Alhaji, ya kama, bari mu kwance." Mai gida da ya ƙagara ya ga aiki na tafiya sai ya amince. Rufin ba zai faɗo a ranar ba. Zai ɗan lotsa a tsakiya yadda ido ba zai gani ba, ruwan damina ya riƙa kwanciya a wurin, bayan shekara biyu a fara ganin tsatsar rodi tana fitowa ta ƙasa. Ni a ganina gara a biya kafinta hayar mako guda a kan a karɓi wannan hasara.

Ba wa kankare ruwa ma wani aiki ne da ba a cika sa shi a lissafi ba. A unguwannin da famfo ba ya zuwa, ruwa na karo ne, wato amalanken jaki, ganga-ganga ake saye daga mai shi. Ranar da mai karo bai zo ba, ko farashi ya tashi aka ce a rage, ranar ce kankare ke rasa abin da yake buƙata. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, sabon zubi yakan tsattsage cikin sa'o'i in ba a rufe shi da buhunan da aka jiƙa ba. Shi ya sa magina masu hankali ke yin zubi da asuba ko da la'asar sakaliya, kuma shi ya sa aikin da zai ci yini ɗaya a Disamba yake cin biyu a bazara.

Sai ƙasa. Mutanenmu da yawa a Sudan suna zaune ne a kan baƙar lakar nan ta Jazira da Sinnar da Gadarif, wadda ta sa yankin ya zama rumbun auduga da dawa da riɗi. Ga manomi albarka ce, ga magini kuwa jarrabawa. Da rani takan tsage har hannu ya shige, da damina ta sha ruwa ta kumbura ta ɗaga duk abin da ke kanta. Ginin da harsashinsa bai yi zurfi ba yana hawa yana sauka da ita kowace shekara har bango ya rabu. Wanda ya zaga tsofaffin unguwannin Gadarif ya ga gidajen bulo da tsaga daga taga zuwa ƙasa ya san abin da ake faɗa, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa gutiyya da gini mara nauyi ba su bar garin ba. Maganin shi ne a tona har a wuce inda danshi ke canzawa tsakanin rani da damina, ko a kwashe lakar a cike da ƙasa mai yashi da tsakuwa a daddage ta sahu-sahu, a ɗaure bangon da kankare mai rodi ta ƙasa. Wannan kaɗai yakan mayar da harsashin kwana goma na mako uku ko wata guda. A wuraren da ƙasa ke da tsauri ko yashi, kamar yawancin Umdurman, ba a shan wannan wahala, shi ya sa ba daidai ba ne mutumin Mai Wurno ya auna aikinsa da na ƙaninsa da ke can.

Ƙari kuma yana da wata matsala da sabon gini a fili ba shi da ita. Tsohon ɗaki ya riga ya zauna, ya gama nitsewar da zai yi shekaru da suka wuce. Sabon da aka jingina masa yanzu zai fara tasa. In aka saƙa bulon sabo cikin na tsoho don a ga kamar gini ɗaya ne, to a wannan mahaɗa za a fara ganin tsaga. Ya fi kyau sabon ya tsaya da ƙafarsa, a bar ɗan tsakani a cike shi da abu mai laushi, a rufe ta sama kada ruwa ya shiga. Tono a gindin tsohon bango ma ba a yin sa da garaje, musamman in na jalus ne, sai dai kaɗan-kaɗan, a tona nan a cike kafin a matsa gaba. A unguwannin da aka gwabza faɗa kuwa, a Hartum da Bahri da wasu sassan Jazira, akwai abin da ya fi wannan: harsasai da bama-baman da ba su fashe ba suna nan a cikin ƙasa da ɓaraguzai. Duk ƙarfen da ba a gane ba, a bar shi a inda yake a kira masu aikin kwance su, ko da aiki zai tsaya mako biyu.

Babban mai yanke hukunci dai shi ne damina, wadda a nan muke kira harif. A Gadarif da Damazin da Sinnar ruwa yakan fara a Yuni ya kai Oktoba. A Hartum ya fi taƙaituwa, ƙarfinsa a Agusta yake. Bangon jalus ko na ɗanyen tubali da ruwa ya tarar babu rufi, narkewa yake yi. Na jan bulo da aka ɗaura da laka maimakon siminti, kamar yadda ake yawan yi don rage kuɗi, shi ma ruwa na wanke masa mahaɗa. Ramin harsashi da aka bari buɗe a baƙar laka yakan cika da ruwa, ya jiƙa gindin tsohon ɗakin da ke kusa, a tashi neman ƙari a rasa na hannu. Ga hanya: motar yashi ba ta shiga unguwar da ba kwalta in laka ta jiƙe, sai ta kafe har gindi. Mutane ba su manta da ambaliyar 1988 ba, balle ta 2020 da ta rusa ko ta lalata gidaje fiye da 100,000 har gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci ta wata uku. Saboda haka tambayar da ta kamata mai gida ya yi wa kansa kafin a sari ƙasa ita ce ko zai iya kai ginin ga rufi kafin ruwan farko. In amsar ita ce a'a, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ya tara kaya ya jira Nuwamba.

Amma Nuwambar ma ba a buɗe take gaba ɗaya ba. Jan bulo daga kamina yake fitowa, matoyar da ake kafawa a gaɓar kogi, inda ake cuɗa taɓon da ambaliya ta bari da kashin dabbobi, a buga, a shanya, a jera, a gasa da itace, a jira ya huce. Lokacin da Shuɗin Nilu ya cika, gaɓar tana ƙarƙashin ruwa, aikin ya tsaya cak, bulo ya yi ƙaranci ya yi tsada. Sai ruwa ya ja baya masu kamina ke komawa, kuma gasawar farko ba ta isar kowa. Wanda ya matsa sai an ba shi da wuri, shi ake haɗawa da bulon gefe wanda wuta ba ta ci sosai ba, mai launin fari-fari da ke marmashewa a hannu. Tun da Habasha ta fara tara ruwa a babbar madatsar da ta gina a kan Shuɗin Nilu a 2020 kuma, masu wannan sana'a suna cikin damuwa, domin taɓon da suke dogaro da shi yana iya kwantawa a bayan madatsa maimakon ya iso gaɓarsu.

Ga kuma leburori. Waɗanda ke cuɗa kwaɓi su miƙa bulo su ne dai masu yankan riɗi. Riɗi ba ya jira: in ya nuna a Oktoba ba a yanke shi cikin 'yan kwanaki ba sai ya fashe ya zube, don haka manyan manoman Gadarif suna biyan abin da mai ƙarin ɗaki ba zai iya biya ba. Bayan riɗi ga dawa har cikin Janairu. Samari da yawa kuma sun tafi haƙar zinariya a arewa da gabas, ba sa dawowa sai Sallah. Sannan a 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa ne a Fabrairu da Maris, wato tsakiyar lokacin da ya fi dacewa da gini, kuma zai ci gaba da matsowa cikin sanyi da kwana goma sha ɗaya kowace shekara. A azumi rabin yini ake aiki, kuma ba mai adalcin da zai nemi fiye da haka daga mai ɗaukar siminti. Kwana goman ƙarshe da makon Sallah a cire su daga lissafi. In aka haɗa duk wannan, ranin da ake gani kamar wata bakwai ne, abin da ke cikinsa na cikakken aiki bai fi wata huɗu ba, kuma kowa a garin cikin waɗannan watanni yake neman magini ɗaya da kai.

Duk da haka, in aka bi gine-ginen da suka tsaya a linta aka tambayi dalili, kuɗi ne zai fi yawa. Kaɗan ne daga cikinmu ke fara gini da kuɗinsa a dunƙule. Ana yi ne da kwasar adashi, da kuɗin riɗi in an sayar, da abin da ɗa ya turo daga Jidda ko Riyad. Da can wannan tsari yana tafiya, a sayi bulo bana, a ɗaga bango baɗi. Abin da ya karya shi shi ne faɗuwar darajar fam, kuɗin Sudan. A Fabrairun 2021 gwamnati ta mayar da farashin dala a hukumance daga fam 55 zuwa kusan 375, hauhawar farashi a wannan shekara ta haura 300 cikin 100, kuma yaƙi ya zo ya ƙara dulmuya shi. Kuɗin da aka ajiye don kwano a Nuwamba ba ya sayen rabinsa in an jima. Don haka mai hikima ba ya ajiye fam, yana mayar da shi kaya nan take: bulo da rodi da kwano da ƙofofin ƙarfe, duk suna iya jira shekara ba su lalace ba in an adana su da kyau. Siminti ne kawai ba a yi wa haka, domin yana shan danshin iska ya daskare a buhu, bayan wata uku ƙarfinsa ya fara raguwa. Shi ake saye a ƙarshe, kuma shi ne ya fi saurin yankewa a kasuwa. Yawancin masana'antunsa suna jihar Kogin Nilu, wajen Atbara da Barbar, sai ta Rabak a Farin Nilu. Rodi da kwano da kayan wuta kuwa da yawa ta tashar Bur Sudan suke shigowa, su bi doguwar hanyar Kasala da Gadarif. Tsadar man dizal, ko rufewar hanya, ko yawan shingaye, duk a farashin buhu ɗaya suke bayyana.

Ko kuɗin na nan, fitar da shi wani abu ne. Ciniki ya koma Bankak, manhajar banki ta tura kuɗi ta waya, amma Bankak sai da layin waya, kuma mun ga yadda layuka suka ɗauke a Fabrairun 2024. Da aka canza takardun fam 500 da 1,000 a Disamban wannan shekarar, tsabar kuɗi ta yi wuya, alhali lebura da mai karo da yamma a hannu suke son nasu. Aiki yakan tsaya kwana uku ba don babu kuɗi ba, sai don babu hanyar miƙa shi.

Wanda ke gini daga nesa nasa jinkirin daban ne. Ɗa yana Saudiyya yana turo riyal, uba ko yaya ne wakili a gida. Kuɗin linta ya iso ranar da aka kwantar da Inna a asibiti, ko ranar da ƙanwa ta iso da 'ya'yanta daga gudun hijira ba su da ko tabarma. Wane wakili ne zai sayi rodi ya bar su? Ba cin amana ba ne, kuma bai kamata a kira shi haka ba. Abin da ke ɓata zumunci shi ne ɓoyewa: a riƙa tura hoton bango ɗaya ta WhatsApp daga kusurwa daban-daban, har mai kuɗi ya zo hutu ya ga gaskiya da idonsa. Da an ce masa tun farko, "Ƙanena, kuɗin wannan watan ya tafi wajen maganin Inna," da ya sake lissafinsa ba tare da ɓacin rai ba. Ya fi sauƙi a raba tun farko, wannan na cefane da lalura ne, wannan kuma kai tsaye zuwa ga mai sayar da kaya.

Takardu kuwa ya danganta da inda gidan yake. A ƙauyuka da tsofaffin matsugunai irin Mai Wurno, wadda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a gaɓar Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, gidaje da yawa gadon kaka da kakanni ne, kowa ya san iyakar kowa, ƙarin ɗakin jalus ba ya buƙatar zuwa ofis. A unguwannin birni da aka tsara aka raba daraja ta ɗaya da ta biyu da ta uku, ginin kankare yana buƙatar takardar shaidar mallaka ta kwanan nan, da taswirar fili, da zanen injiniya, da izinin gini daga hukuma. A lokacin zaman lafiya ma wannan yakan ci makonni. Yanzu da wasu ofisoshi suka ƙone ko suka yi ƙaura, yana iya cin watanni, don haka damina ce lokacin bin sa, sa'ad da ba a iya gini. Amma takardar da ta fi tsayar da aiki a gidajenmu ba ta gwamnati ba ce, ta gado ce. Mahaifi ya rasu shekara goma ba a raba gida ba, babban wa ya tashi ƙara ɗaki don auren ɗansa. Bango na kaiwa taga sai wata ƙanwa da ke aure a Kasala ta aiko cewa ita ma tana da haƙƙi a wannan kusurwa. Kuma tana da shi. Na fi ganin laifin wanda ya fara tono bai tara magada ba a kan na wadda ta yi magana. Zama ɗaya a gaban malami da dattawan unguwa, a rubuta wanda ya gina da abin da zai biyo baya in an zo rabo, ya fi a bar gini tsaye shekara uku ana gaba. Haka maƙwabci: inda indararo zai zubar da ruwa, da tagar da za ta leƙa tsakar gidansa, a gama maganarsu kafin a ja igiya.

Akwai kuma abin da injiniya ba zai rubuta a takarda ba, amma kowace uwargida ta san shi. Ƙari a cikin gidan da ake zaune ake yin sa. Maza baƙi za su wuni a tsakar gida inda mata ke girki da wanki, inda yara ke rarrafe kusa da ramin harsashi da tsinin rodi. A gidajen da ake kiyaye shiga, magina ba sa farawa sai an kintsa, kuma sukan tashi da wuri. In aka kafa zana aka raba wurin aiki da sauran gida, aka fasa ƙofa ta wucin gadi a katangar waje don kaya da ma'aikata, ana samun ƙarin sa'o'i kowace rana, matan gida kuma su samu sakewa. Ya kamata a ji ta bakinsu tun kafin a ja layi, domin su suka san inda rana ke bugawa da la'asar da inda ruwa ke kwanciya. Yawancin canjin ra'ayi na tsakiyar aiki, a toshe ƙofar nan a fasa ta can, a ƙara kicin tunda an riga an fara, daga rashin wannan shawara yake zuwa, kuma kowane canji yana cin mako da buhunan siminti.

Yadda aka yi ciniki da magini shi ma yana taɓa lokaci. In kuɗin yini ake biya, ba mai gaggawa, sai mai gida ya tsaya a kai. In jinga ce, gaggawar takan yi yawa, a tsallake ba da ruwa, a rage zurfin tono. Ga kuma ɗabi'ar karɓar aiki uku a lokaci ɗaya, a yi kwana biyu nan a ɓace kwana huɗu, wadda ta ƙaru yanzu da ƙwararru suka yi kaɗan, wasu sun yi hijira Masar ko Saudiyya, sauran kuma gyaran gidajen da aka wawashe ya yi musu yawa. Abin da ya fi aiki shi ne jinga mataki-mataki a gaban shaidu: kaza in an gama harsashi, kaza in an kai linta, kaza in an rufe. Kada kuɗi ya riga aiki, kada kuma a riƙe wa mutum haƙƙinsa bayan ya cika alkawari, domin maginin da aka ja wa rai ba ya dawowa da wuri.

Da an ɗora rufi kowa sai ya ce saura kaɗan, alhali kusan rabin lokaci da rabin kuɗi suna gaba. Aikin ya fita daga hannun mutum ɗaya ya koma na mutum biyar da ke jiran juna. Mai wuta sai ya binne bututunsa kafin mai filasta ya shigo. Mai walda ba zai haɗa ƙofa da taga ba sai an kawo wuta ko an sayi man janareta. Filasta tana son ruwa na kwanaki, sannan makonni tana bushewa kafin fenti ya zauna, in ba haka ba ya kumbura ya ɓare. In ƙarin ya haɗa da banɗaki mai saifon, wato mai ruwa da ke zuba ƙazanta a rijiyar ƙarƙashin ƙasa, haƙar rijiyarsa aiki ne mai zaman kansa da zai iya ɗaukar wata ko fiye. A nan ne gidaje da yawa ke shiga ɗaki da filastar ciki kawai da labule a ƙofa, kuma ban ga aibin hakan ba ga wanda mutane suka yi wa yawa, muddin an yi filastar waje ko yaɓe, an kuma cike gindin bango yadda ruwa zai gangara nesa da shi.

Wanda ya bi damina yana takardu da zaman magada da sayen ƙarfe, ya kama bulo da zarar kamina ta fara fitarwa, ya fara tono a Disamba, zai iya rufe ɗakin jan bulo kafin azumi ya yi nisa, ya ƙarasa bayan Sallah, ya shiga kafin zafin Mayu. Daga ranar da aka yanke shawara zuwa ranar shiga, wata takwas zuwa goma ke nan, ko da yake magini bai yi aikin da ya wuce na wata biyu ba. Kuma ko an shiga, a bar wani ɗan kaso na kuɗin jinga, da yardar magini tun ranar ciniki, sai bayan ruwan Agusta. A lokacin ne za a ga ko kwano na yoyo ta wajen ƙusa, ko mahaɗar sabo da tsoho ta buɗe, ko ruwan tsakar gida ya canza hanya ya nufi ɗakin Baba tunda an tare masa tsohuwar mafita. Fentin waje ma a bar shi sai Nuwamba, bayan laka ta kumbura ta koma, an ga tsagar da za ta fito an toshe ta.